Hancin Iya da Garar Gindin Dutse

A gidanmu ba don yara ake hura wutar hira ba, don 'yan zabi ake hura ta, mu dai albarkacinsu muke ci. Ƙauyenmu yana can bayan Kiyawa, kuma duk damina kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, sai ta tara ƙwan zabi ta sa wa kaza ta kwanta a kai, don ita zabuwa ba uwar kirki ba ce, yawo kawai ta iya. Idan suka ƙyanƙyashe, magariba na yi Iya za ta kwashe su a babban kwando ta shige da su ɗakinta, ta zuba garwashi a kasko ta ajiye kusa da su, saboda ɗan zabo ba ya shiri da sanyi ko kaɗan. Mu kuwa da mun suɗe kwanon tuwo sai mu bi ɗumin nan mu cika mata ɗaki, ni da yayana Sani da 'ya'yan maƙwabta. Wani ya zo da ɗanyar masara ya ɗora a garwashi, wani ya zo da gyaɗa. 'Yan zabi suna ta 'yan koke-kokensu a kwando, ruwa yana zuba ta indararo, Iya tana faɗan wanda ya taka mata tabarma da taɓo.

Sunan Iya aka sa mini, don haka Baba da Inna ba sa iya kama sunana, Ummi suke cewa. Ita kuwa Takwara take kirana. A lokacin da nake ba da labari ban wuce shekara tara ko goma ba, ita kuma yanar ido ta riga ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Ƙafa ta hana ta zuwa gona, hannu ya daina kaɗi, abin da ya rage mata a duniya da za ta buga ƙirji ta ce nata ne shi ne zabin nan. Idan suka girma Baba ya kai mata su kasuwar Shuwarin, da su take sayen goronta da sabulunta, ta yi wa jikoki ɗinkin salla, ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi ɗanta ba. Tsakanina da ita kuwa sai wasan jika da kaka. In ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce mini uwar tsiwa wadda dangin miji za su dawo da ita tun lallenta bai goge ba. Abin da Baba ba zai iya faɗa mata ba ko da wuƙa a wuyansa, ni sai in faɗa ina dariya, a yi shewa a wuce.

Ɗan zabo yana ƙarami ba abin da ke tashinsa kamar gara. Iya tana da tsofaffin tukwane a bayan gida, ana cusa musu busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife su a kan hanyar gara. Da sassafe Yaya Sani zai ɗago su cike da farar gara mai laushi. Amma ko ɗaya ba ta shiga bakin ɗan zabo sai ta bi ta hancin Iya. Za ta ɗiba a tafin hannu, ta murtsuke kaɗan da yatsa, ta kai hanci ta ja numfashi. In ta ce, "Zuba musu," a zuba. In ta ce, "Mayar da ita inda ka ɗebo," ba mai musu. Har daga unguwar gabas mata kan aiko da gara a ƙoƙo ta shinshina musu. Dalilin wannan shinshinar kuwa yana cikin tatsuniyar da ta fi yawan yi mana.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta gyara goro a kunci ta ce, "Ga ta can tafe, ta taka ƙaya." Mu haɗa baki mu ce, "A cire mata ta ƙaraso."

Wai a zamanin da, gara tana da ido tana da murya, kuma duk cikin ƙwari ba mai surutunta. Idan ɗaya ta tsinci kara sai ta tsaya ta ƙwala wa 'yan'uwa kira, ku zo ga abinci. Kafin 'yan'uwa su iso, gwano ya riga su ji. Gwano kuwa, baƙaƙen tururuwan nan masu wari da ke tafiya a layi, ba su da sana'ar da ta wuce farautar gara. Kullum sai sun kwashi rabonsu sun yi gaba, har gari ya kusa zama kufai. Uwar gara ta rasa inda za ta sa kanta, ta ja jiki ta tafi wurin tsohuwar bishiyar hano, mai ƙaron nan da ake turare da shi, ta kai kuka. Hano ta ce, "Bakinku ne ke kashe ku. Ba ni muryarku da idanunku in ajiye, ni kuma in ba ku maganar da ba ta da ƙara." Uwar gara ta ce ta ji ta yarda. Tun daga ranar gara ta makance ta bebance, ta koma magana da wari. Wadda ta sami abinci sai ta dawo tana goga ciki a ƙasa, ta bar zaren wari a bayanta, 'yan'uwa su bi. Mai tsaron ƙofa ba ya tambayar sunanka, shinshina ka zai yi, in da warin gida a jikinka ka shige, in babu ka san inda dare ya yi maka.

Sai uwar gara ta tashi raba wa 'ya'yanta kayan aiki. Babban ta ba shi yumɓu da miyau, ya zama magini. Mai bi masa ta ba shi muƙamuƙi kamar almakashi, shi ne zago, wanda in ya cije ka sai dai a fizge gangar jikin a bar kan a maƙale. Auta ya zo ya tarar kaya sun ƙare. Ga shi ɗan mitsitsi, ga kai mai tsini, ba haƙori ba ƙarfi. Ya tafi gindin hano ya zauna yana rusa kuka irin na bebe, har bishiyar ta gaji ta ɗiga masa ƙaronta a ka, ta ce, "Je ka. Kar ka ciji kowa, fesawa kawai za ka yi." Rannan gwano suka fasa katangar gari. Magini ya arce ciki. Zago ya ciji ɗaya, sauran suka taru a kansa. Auta ya tsaya a bakin ɓarakar ya feso ƙaro ta tsinin kansa, ƙafafun gwano suka manne da juna, suna ta birgima. Warin kuma ya bi lungu-lungu, nan da nan duk gari ya san inda aka fasa, masu faɗa suka yo waje, magina suka biyo da yumɓu.

A nan Iya takan ɗaga yatsa. "Kun ji ko? Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya faɗa. Ba a ce ai auta ne, yaro ne, bari babba ya zo ba. Wari ya iso, gari ya tashi." Sannan ta juya wajen kwando. "To jikokin auta suna nan har gobe. Su ne masu jan kai mai tsini, masu tara yankakkiyar ciyawa a cikin jiɓarsu. Ƙaron da ya ɗaure ƙafar gwano, me kuke zato zai yi wa cikin jaririn zabo? Shi ya sa kuke ganin ina kai hanci." Daga nan sai ta kakkaɓe zani ta ce, "Ta shige rami, mai son ta ya tona gobe." Ni duk cikin tatsuniyar wajen auta na fi so, har in ta zo kusa da shi nakan manta da masarata ta ƙone.

Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan gidanmu ya zama tafki, tukwanen Iya suka nutse, gara ta ƙaura. Ga shi kuma a shekarar kaji biyu ta kwantar, 'yan zabi suka cika kwando har sai da aka aro na biyu, ba ta taɓa samun yawa irin haka ba. Suka wuni suka kwana suna tsattsagar tsakin gero kawai, Iya ta hana Yaya Sani sakat, wai so yake zabinta su mutu da yunwa. Shi kuma ya gaji da mita, ya saɓa fartanya da buhu ya nufi gindin duwatsun arewa da gari inda ruwa ba ya kwanciya. Can ya sami jiɓa, ƙananan tuddan garar nan masu tauri, ya farfasa ya ciko buhu. Ya zo ya juye a tsohon daron Iya yana haki, yana jiran a ce sannu.

Tun daga bakin ƙofa warin ya doki hancina. Kamar ƙaron hano da ba a sa a wuta ba, amma ya fi shi kaifi, har yana yaji a maƙogwaro. Na durƙusa na leƙa daron, sai ga su suna ta kai-komo, 'yan jajayen kawuna masu tsini, ga yankakkiyar ciyawa cunkushe a ramukan ƙasar. Wallahi daɗi ma na ji. Yau ga ni ga jikokin auta, kuma yanzu Yaya Sani zai sha faɗa a gabana.

Iya ta lalubo ɓarin ƙasar, ta murtsuke, ta kai hanci. Ta daɗe tana jan numfashi. Sannan ta ce, "Zuba musu."

"Iya, masu ƙaro ne fa!" na ce.

"Ji uwar tsiwa. Yaushe aka yanke miki cibiya?"

"Wallahi jikokin auta ne. Ga jan kansu nan ina gani, ga ciyawa. Sake shinshinawa ki ji."

Ta sake kai hanci. Na ga wani abu ya gifta a fuskarta, ya wuce. Ta ce, "Ba ta da warin komai. Sani, zuba musu, ka tsaya kana sauraron wannan."

"To hancinki ne ya mutu, tsohuwa!"

Na faɗa da iya ƙarfina, kuma a tsakar gida akwai matan maƙwabta da suka shigo daka. Gaba ɗaya suka kwashe da dariya, wata har da tafi, tana cewa, "Kai Iya, wannan takwarar taki ba ta da dama." Iya ma ta yi dariya ta ce hancinta sai ya ga bayan nawa. Abin da ya cuce ni ke nan. Na yi shekaru ina ce mata haƙoranta sun gudu, idonta ya yi yaji, mutuwa ta manta da ita, ana dariya. Yau da na zo da maganar gaske, da wace murya zan faɗe ta a gane ta bambanta da ta jiya? Ina tsaye 'yan zabi suka rufar wa garar, yunwa ta ci su, suna ta rububi.

Na ruga wurin Inna, tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Na ce ta zo don Allah ta shinshina da kanta. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni in shiga ɗakin Iya in duba mata gara? Kin taɓa ganin na yi? Ɗauki tulu ki tafi rijiya." Da Baba ya dawo daga gona na tare shi da ɓarin ƙasar a ƙulle a bakin zanina. Yana wanke ƙafa, ya dubi abin da wutsiyar ido, ya ci gaba da cuɗa diddige. "Ummi, tun ba a haife ni ba Iya take kiwon zabi. Wasanku na jika da kaka ya tsaya a tsakaninku, kar ki sa ni ciki." Yaya Sani kuwa kafaɗa ya ɗaga, ya ce shi dai an ce ya kawo, ya kawo.

Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Ita ta koya mini warin, ita ta koya mini jan kan, ita ta ce in wari ya iso ba a tambayar wa ya faɗa. Na yi duk abin da auta ya yi, gidanmu ko motsi bai yi ba. Da la'asar, da na ga ta fita alwala, na lallaɓa ɗakin na kama daron zan ja shi waje in kifar a tafkin bayan gida. Daro ya fi ƙarfina, ya yi ƙara a daɓe. Idon Iya ya tafi amma kunnenta yana nan daram. Sai ga ta a bakin ƙofa da buta a hannu.

"Ajiye," ta ce, kuma babu wasa a muryar. "Idona ya tafi ban ce komai ba. Ƙafata ta tafi ban ce komai ba. Yanzu kuma abincin zabina za ki zubar don ki nuna kin fi ni? Fita mini daga ɗaki."

Ba ta taɓa korata ba sai ranar. Inna ta ja mini kunne har sai da na ga taurari, wai ina neman jawo mata magana. Da aka ci tuwo yara suka shige hira, ni na ƙi, na zauna a bakin rumbu sauro yana cizona. Ina jiyo ta tana yi musu wata tatsuniyar daban, ta kura da ɗan akuya. Iya ta janye daron ta tura ƙarƙashin gadonta, kuma da hannunta take marmasa musu safe da yamma.

Washegari 'yan zabi suka fara sakin fiffike. Wasu suka tsaya wuri ɗaya suna lumshe ido, suna buɗe baki kamar abu ya maƙale musu. Zuwa yamma kwandunan da ke hana mu jin tatsuniya saboda kuka suka yi tsit, kuma da kunne Iya ta fara ganewa. Na leƙa ta ƙofa na gan ta durƙushe, ta zura hannu a kwando tana lalubawa, in ta taɓa wanda ya yi sanyi ta ciro shi ta ajiye a gefen tabarma, ta sake zura hannu. Ta ce sanyin bana ne, a ƙaro mata garwashi. Aka ƙaro. Kafin a kwana biyu abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba, su ma raunanan cikinsu ne, waɗanda ƙarfafan suka riƙa turewa ba su sami garar sosai ba. Da bakinta ta kira Yaya Sani ta ce ya ɗauke daron nan, ƙasar ta daɗe.

Mata suka yi ta shigowa jaje. Kowace ta zauna sai ta ce, "Ai sanyin bana ba dama, Iya. Allah ya mayar da alheri." Iya ta ce amin. Ba wadda ta ambaci gara, har da waɗanda suka yi dariya a tsakar gida. Ni ina rakuɓe a jikin bango kamar in fasa ihu. Na yi kuka a ranar, amma in faɗi gaskiya ba tausayin zabi ne ya sa ni ba, haushi ne tsagwaronsa.

Aka ɗauki kwanaki ba hira. Sai wani maraice bayan tuwo na ji ta daga ɗaki tana cewa, "Ina Takwara? Ko har yanzu ana gaba da ni?" Na shiga ina cika ina batsewa, sauran yara suka biyo ni. Kwando ɗaya ne yanzu a gefen kasko, shi ma kusan wayam. Ta ɗauko tatsuniyar gara tun daga farko, hano da magini da zago da auta, ba ta tsallake komai ba. Da ta zo inda take kakkaɓe zani sai ba ta kakkaɓe ba.

"Akwai wata tsohuwa a ƙofar garin nan," ta ce. "Ban taɓa gaya muku ita ba. Tun zamanin uwar gara take zaune tana shinshina masu shiga. Rannan ta wayi gari ta ji duniya ba ta da wari. Ta ce ruwan sama ne ya wanke ta, bari gobe. Gobe ta zo, haka. Jibi ta zo, haka. Ta ji tsoron faɗa, don a garin gara ba a ajiye wanda ba ya aiki. Sai ta ci gaba da zama a ƙofa, kowa ya zo ta kai hanci ta ce wuce. Wuce, wuce, wuce. Har gwano ya zo, ta kai hanci, ta ce masa wuce."

Wani ɗan maƙwabta ya ce, "Sai aka yi yaya, Iya?"

"Sai aka yi abin da aka yi."

"Babu auta a garin ne?" na tambaya.

"Akwai. Ya fesa kuwa. Amma a gaban tsohuwar ya fesa, ita kuma ba ta ji."

Yara ba su gane komai ba, suka fara mita wai ba haka take ƙarewa ba. Ni na gane, kuma ni yarinya ce mai zafin kai, don haka na ce, "Ai na faɗa miki." Ta juyo da fararen idanunta wajen da muryata ta fito, ta ce, "Kin faɗa, Takwara." Ta ce kowa ya tashi ya tafi, bacci take ji.

Da damina ta zagayo Baba ya tsinto ƙwan zabi a gona ya kawo mata cikin hula. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a kai wa Inna ta dafa wa yara. Na ce mata ta kwantar, ni zan riƙa shinshina mata. Ta yi 'yar dariya. "In ke ce hancin, Sani ne ƙafar, ni kuma mece ce? Zabinki ne ke nan, ba nawa ba." Na yi magiya, na yi tsokana, na yi fushi, duk a banza. Tun daga lokacin Baba ya riƙa ajiye mata goro a bakin tabarma da sassafe don kar ta kai ga tambaya, ita kuma ta riƙa ɗauka kamar ba ta san daga ina ya fito ba. Da babu 'yan zabi ba a hura garwashi a ɗakinta, da babu garwashi yara suka rage zuwa. Ta yi 'yan shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu a Dutse nake zaune, ina koyarwa a firamare, gashina ya fara furfura. Kwanakin baya ɗana da ke karatun ilmin halittu a jami'a ya dawo gida yana ba ƙannensa labarin gara, wai suna bin juna da warin da ke fita daga cikinsu, wai akwai masu fesa danƙo daga ka, danƙon ya ɗaure tururuwa, warinsa ya kira sauran. Na ce masa wannan ai tun ina yarinya na ji shi a bakin kasko, na kwashe labarin Iya na ba su. Inna tana wurin, ta zo ganin likitan ido ta sauka a gidana, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Na ƙarasa da abin da na saba ƙarasawa, cewa duk gidan ba wanda ya yarda da ni.

"Wa ya ce miki ba a yarda ba?" in ji Inna, ba ta daina tsinka ba. "Ni tun daga bakin murhu na jiyo warin."

Na zuba mata ido.

"Babanku ma ya ji. Ai tun rani muka san hancin Iya ya tafi. Bakin zaninta ya taɓa kama wuta a kaskon turare, har na jiyo ƙauri daga ɗakina na rugo, ita tana zaune tana jan carbi. Ya ce kar in kuskura in faɗa wa kowa. A daren da Sani ya kawo garar nan babanku ya kira shi gefe ya hana shi komawa gindin dutsen. Wadda ta riga ta shiga ɗakinta ce ba mu da yadda za mu yi. Mun ɗauka biyu ko uku ne za su mutu."

"Inna, kuna ji ina ihu, kika ja mini kunne?"

"To da bakin wa za a faɗa mata? Ni suruka, shi ɗa. Ke kaɗai aka yarje wa, ke kuma maganarki wasa ce."

"Da kalma ɗaya kuka ɗora a kan tawa, ai da ta wadatar."

"Da mun ɗora, da mun tsiraita ta a gaban matan unguwa. Ummi, zabo ana sake ƙyanƙyashe shi."

"An sake?" na ce.

Inna ta jawo wani reshen zogalen ta ci gaba da tsinka.

Shekara da shekaru na ɗauka abin da tatsuniyar ke koyarwa shi ne a saurari ƙarami. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Fesawar auta ita kaɗai ba ta ceci garin ba, abin da ya cece shi shi ne duk wanda warin ya isa gare shi ya motsa, na kusa da shi ma ya motsa. A gidanmu warin ya isa ga kowa, kowa ya riƙe numfashi. Na san kunya, ni ma da ita aka raine ni, kuma ban ce Baba da Inna ba sa son Iya ba, don sun fi ni son ta. Amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, domin ba su tsare mata komai ba. Da an shiga ɗakinta tun rani an rufe ƙofa an gaya mata a hankali, da ta yi fushi ta huce, wataƙila ma ta zaunar da ni kusa da daron da kanta. Sai aka bar ta ta durƙusa a gaban kwando, makauniya, ita kaɗai, tana gano da yatsunta abin da duk masu son ta suka riga suka sani.